Shirme Mai Lissafi: Yadda Ake Sauraron Faya-fayan Firesign Theatre

Yawancin waɗanda suka taɓa gwada Firesign Theatre, ƙungiyar 'yan barkwanci ta Amurka, suka ce ba su ga abin dariya ba, idan ka bincika za ka tarar a lasifikar waya suka kunna, hannu na wani aiki, hankali na wani wuri. Minti biyar suka ji muryoyi na hawa kan juna, wani na talla, wani na wa'azi, mota na wucewa, sai suka kashe. Da gaskiyarsu. Faifan waɗannan mutane ba ya sakin abin da ke cikinsa a jin farko, kuma ba ya yafe wa wanda ya saurare shi da kunne ɗaya. An gina shi hawa-hawa ne, da niyyar a maimaita shi sau goma, sau ashirin, kowane zagaye mutum ya tsinci abin da ya kuɓuce masa a baya.

Su huɗu ne: Phil Austin, Peter Bergman, David Ossman da Philip Proctor. Sun fara haɗuwa a iska a watan Nuwamba na 1966, a shirin Radio Free Oz da Bergman ke gabatarwa da dare a gidan rediyon KPFK na Los Angeles, inda suka yi shigar burtu a matsayin masu shirya fina-finai daga ƙasashe daban-daban suna sharhi kan wani bikin fim da babu shi a duniya. Sunan ƙungiyar daga taurari ya fito, domin a lissafin buruji na Turawa dukkansu an haife su ƙarƙashin burujin da ake dangantawa da wuta. Sun sha daga rijiya biyu. Ɗaya ita ce wasannin kwaikwayon rediyon Amurka na shekarun 1930 da 1940 da suka taso suna ji. Ɗayar kuma The Goon Show na BBC, wanda Spike Milligan da Peter Sellers da Harry Secombe suka riƙa yi tsakanin 1951 da 1960. Abin da suka ƙara na kansu shi ne sitidiyon kamfanin Columbia da na'urar ɗaukar sauti mai layuka da yawa, irin wadda mawaƙan zamanin ke amfani da ita. Su sai suka juya ta ga magana.

Faya-fayai huɗu na farko su ne ƙashin bayan komai, kuma ba da na ɗaya ya kamata a fara ba.

A fara da gefe na biyu na faifan 1969, How Can You Be in Two Places at Once When You're Not Anywhere at All. Wannan gefen gaba ɗaya labarin Nick Danger ne, ɗan binciken sirri, an yi shi tamkar wani tsohon shirin rediyo na 1941. Yana da farko, yana da tsakiya, yana da masu laifi, don haka sabon shiga yana da igiyar da zai riƙe. A nan ne kuma zai koyi muryoyin: Austin shi ne Nick, Proctor shi ne Rocky Rococo mai siririyar murya, Bergman shi ne ɗan sanda Bradshaw, Ossman shi ne Catherwood, tsohon baran gida. Wanda ya iya rarrabe muryoyin nan huɗu ya yi rabin aiki, domin a sauran faya-fayan kowannensu na ɗaukar mutum biyar ko goma.

Dubi abu ɗaya a kusa. A tsohon rediyo, idan ana son ƙarar tafiya cikin dusar ƙanƙara, garin sitaci ake matsawa a jaka kusa da makirufo. Idan ana son ƙarar wuta na ci, takardar leda mai ƙaraurau ake murzawa. A cikin Nick Danger, baran gidan yana tarbar baƙo sai ya ce masa ya shigo daga cikin sitacin, daga baya kuma a ambaci ledar da ke ci a murhu. Wato mutanen cikin labarin sun san cewa duniyarsu da kayan bogi aka haɗa ta. Can gaba, Nick ya faɗi wata magana, ya tsaya, ya tambayi kansa ko ba a ɗaya gefen faifan ya faɗe ta ba, ya ce bari ya duba. Sai ka ji wani yanki na gefen farko yana tafiya da baya, kamar allura ta huda robar ta leƙa ta ƙasa. Wannan wasan faifan roba kaɗai yake yi wa daidai. A waya ma yana ba da dariya, amma sai mai sauraro ya tuna cewa asalin abin fuska biyu gare shi.

Bayan an ji Nick sau biyu ko uku, sai a juya gefen farko. Nan igiyar ta tsinke. Wani mutum ya sayi mota a hannun dillali Ralph Spoilsport, ya hau titi, allunan hanya suka fara magana da kansu: saura mil ɗaya, saura rabi, saura kwata, saura ɗaya bisa takwas, haka dai ana ta rabawa ba a isa ba. Tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ce ta Zeno, masanin falsafar Girka, aka ɗora ta a kan babban titin Kalifoniya. Ya murɗa maɓallin sanyaya mota, sai ga shi a dajin ƙasar zafi da gaske. Haka labarin ke tafiya, irin tafiyar mafarki, inda ƙofar ɗaki ke buɗewa cikin wata ƙasa kuma babu mai mamaki.

Na uku shi ne Don't Crush That Dwarf, Hand Me the Pliers na 1970, wanda a ganina, da ganin yawancin masoyansu, shi ne gangaran. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin kundin muhimman faya-fayan ƙasa na shekarar 2005. George Leroy Tirebiter, sunan da aka aro daga wani kare da ɗaliban jami'ar Kudancin Kalifoniya suka taɓa mayarwa tambarinsu, yana zaune da tsakar dare gaban talabijin yana canza tasha. Duk abin da kake ji, abin da ke fitowa daga akwatin ne: mai wa'azi, talla, wasan kacici-kacici, wani tsohon fim na 'yan makarantar sakandare, wani fim na yaƙi. Matsalar ita ce Tirebiter yana cikin kusan kowace tasha, a shekaru daban-daban na rayuwarsa. Sannu a hankali fim ɗin makarantar da na yaƙin suka fara zuba cikin juna, har suka haɗu a zaman kotu guda.

Mabuɗin wannan faifan ƙarar canza tasha ce, ɗan ƙwas ɗin nan da shuuu na tsakanin tashoshi. A sauraro na biyu, ɗauki takarda ka ja layi duk lokacin da ka ji ta, ka rubuta kalma biyu kan abin da ya biyo baya. Kafin gefen ya ƙare za ka ga tashoshin ba su da yawa kamar yadda kunne ya zata, suna dawowa ne a jere, kuma sau da yawa kalmar ƙarshe ta wata tasha ita ce ke buɗe jimlar tasha ta gaba. Abin da ya yi kama da hayaniya ashe ɗinki ne.

Akwai kuma zaren da ke ɗaure faya-fayan da juna. A Nick Danger, waya ta yi ƙara, wani ya yi odar fiza, Nick ya ce masa ya kira lambar da ba ita ba. Shekara guda bayan haka, a Dwarf, sai ga Tirebiter da yunwa yana buga waya neman fiza: ɗaya ɓangaren wancan kiran ne. Dwarf ya ƙare da Tirebiter ya koma yaro yana bin motar mai sayar da askirim a guje, faifan 1971 kuma, I Think We're All Bozos on This Bus, da ƙararrawar motar nan yake buɗewa. Wanda ke jin su a warwatse ba zai taɓa kama wannan ba.

Bozos ɗin shi ne wanda zamani ya fi gaskatawa. Wani mai suna Clem ya shiga bas zuwa wani baje kolin rayuwar gobe, inda kwamfuta ke tafiyar da komai, har da shugaban ƙasa na inji mai amsa tambayoyin jama'a da muryar da ta yi kama da ta Nixon, shugaban Amurka na lokacin, amsar da ba ta amsa komai. Clem ya san harshen masu gyaran injin, sai ya shige ta bayan fage ya kai ga babbar ƙwaƙwalwar, Dr. Memory, ya jefa mata tambayar da ba ta da kai ba ta da gindi, kan dalilin da ya sa wani tsuntsu ke saka ƙwansa a sararin sama. Injin ya rikice, kasuwa ta watse. A 1971 ke nan, lokacin da yawancin masu sayen faifan ba su taɓa ganin kwamfuta da idonsu ba.

Na farkon, Waiting for the Electrician or Someone Like Him na 1968, wanda Gary Usher ya shirya, a bar shi zuwa ƙarshe. Gefensa na farko gajerun wasanni ne, ciki har da tarihin yadda aka ƙwace ƙasar 'yan asalin Amurka a dunƙule cikin 'yan mintoci. Gefe na biyu ne ke nuna inda za su dosa: darasin koyon Turkanci ya rikiɗe ya zama tafiya a baƙuwar ƙasa, har a kai ga wasan talabijin inda ake yi wa ɗan takara allurar cuta a ce ya canki sunanta kafin ta kashe shi. Daga waɗannan huɗu sai Everything You Know Is Wrong na 1974, mai zolayar masu labarin baƙi daga sararin samaniya. Not Insane na 1972 kuwa, ko masoya na haƙiƙa ba sa miƙa wa baƙo shi.

To, kayan sauraro. Abu na farko hedifon mai rufe kunne biyu, ko lasifika biyu da aka raba da tazarar kamar mita biyu, mai sauraro na zaune a tsakiya da nisa kwatankwacin haka daga kowace. Dalili kuwa, an shimfiɗa muryoyin ne daga hagu zuwa dama, da kusa da nesa. Yayin da mutum biyu ke magana a gaba, akwai sanarwa can ƙasa-ƙasa a kunnen hagu, akwai wani na gunaguni a dama, kuma sau da yawa abin dariyar yana bakin mai gunagunin. Ƙaramar lasifikar Bluetooth guda ɗaya tana tattara duk wannan ta cusa a rami ɗaya, babbar murya ta danne ƙanana. A waya, a duba saitin taimakon masu matsalar ji, domin akwai maɓallin da ke haɗe kunne biyu su zama ɗaya, kuma mutane kan kunna shi su manta. A kashe duk wani saiti na ƙara kauri ko faɗaɗa sauti. A kashe zaɓin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, a kuma kunna wanda ke hana shiru tsakanin yanki da yanki, don wasu bugun sun yanyanka gefe guda gida-gida, kuma shirun daƙiƙa biyu a tsakiyar jimla yana kashe wasan.

Wanda zai nemi faifan roba na asali, akwai abin da ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Gefen faifai mai inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti yakan ɗauki minti 20 zuwa 22 cikin walwala. Kowane gefe na How Can You Be ya kai wajen minti 28. Ba a cusa wannan tsawon sai an matse tsagin da allura ke bi an rage ƙarfin sautin, don haka dole ka ƙara murya, kuma da ka ƙara, ƙurar da ke cikin tsagi da kowane ƙarce su ma sun ƙaru. Ga shi magana ce, ba ganga ba jita da za su rufe ƙazanta. Faifan kiɗa mai matsakaicin lafiya yana sauraruwa, amma na magana mai irin wannan lafiyar sai ka ji kamar ana suya a bayan 'yan wasan. A ma'aunin da dillalan faifai ke amfani da shi, kada a sauka ƙasa da VG+, wato matakin faifan da aka yi amfani da shi amma yana da lafiya sosai. A tuna kuma cewa waɗannan faya-fayai a ɗakunan ɗalibai suka yi rayuwarsu, an juya su sau ɗari da allurar da ta daɗe da mutuwa. Irin wannan lahanin ido ba ya ganinsa sosai. Faifan na iya yin sheƙi, amma duk harafin "s" ya fito da tsaki. Idan tsagin ya yi fari-fari ko toka-toka a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, musamman kusa da tsakiya, a ajiye shi.

Wasu daga cikinsu, kamar Bozos da Everything You Know Is Wrong, an fitar da su har a tsarin lasifika huɗu da Columbia ta yi yayi a farkon shekarun 1970, wanda ake kira SQ. Irin wannan bugun yana yi a garmaho na yau da kullum ba tare da ya lalace ba, sai dai haɗin sautin ba lallai ya zama daidai da na bugun lasifika biyu ba, kuma ba za ka ji rabuwar gaba da baya ba sai da na'urar warware shi. Na masu tarawa ne, ba na mai farawa ba.

Wanki kafin komai. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ba na famfo ba, domin na famfo yana barin gishiri a tsagi idan ya bushe. A ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sinadarin da ke sa ruwa ya shiga lungu a cikin rabin lita, a shafa da burushi mai laushi ana bin zagayen tsagin, a ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi a tsaye ya bushe sarai. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Faifan da aka sa wa allura da danshi, dattin yakan zama laka ya manne a bakin allurar. Bayan wanki a sauya rigar ciki da sabuwa, in ba haka ba an yi wanka an koma cikin tsumma.

Nauyin allura a bi abin da maƙerinta ya rubuta, yawanci tsakanin giram 1.5 da 2.5, a auna da ɗan sikeli, kada a yi kintace. Mutane na tsoron nauyi sai su sassauta, alhali allurar da ta yi sakayau ita ce ke tsalle-tsalle a cikin tsagi tana farfasa gefensa. Bakin allura kuma yana da wa'adi, daga awa 300 zuwa 1000 gwargwadon irinsa. Sai wayoyi huɗu na bayan kan allurar: fari na hagu, ja na dama, shuɗi shi ne ƙasan hagu, kore ƙasan dama. Idan aka musanya fari da ja, duniya ta juya, wanda ya kamata ya shigo ta hagu ya shigo ta dama. Wannan da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne a juya waya da ƙasanta a gefe ɗaya kawai. Nan muryar da ya kamata ta tsaya cak a tsakiyar kai sai ta zama fanko, ba ka iya nuna inda take, idan kuma aka haɗe kunnuwan biyu ta kusa ɓacewa ɗungum. Duk wanda ya ji mai ba da labari kamar daga cikin rijiya, ya fara duba nan.

Wajen mayar da faifan cikin kwamfuta ne aka fi yin ɓarna. Dole sautin ya bi ta ƙaramar na'urar ƙarfafawa ta garmaho mai gyaran RIAA, wato mai mayar da kaurin sautin da aka rage lokacin yanka faifan, in ba haka ba zai fito siriri, ba kauri, ba ƙarfi. A manhaja irin Audacity, a ɗauka a sitiriyo, 44.1 kHz, bit 24 idan na'urar ta iya, a saita yadda mafi ƙarfin sauti ba zai wuce kusan -6 dB ba. A ɗauki gefe guda a matsayin fayil guda. Minti ɗaya a ingancin CD yana cin kusan megabait 10, wato faifai mai minti 56 ya haura megabait 550, tsarin matse fayil na FLAC kuma yakan rage kusan rabi ba tare da an yi asarar komai ba. Idan dole sai MP3, kada a sauka ƙasa da 256 kbps, don a 128 ƙananan muryoyin baya ne ke fara narkewa.

Babban tarkon shi ne maɓallin goge ƙaraf-ƙaraf da na rage shuuu. Manhaja ba ta san bambancin ƙarcen faifai da ƙarar da aka sa da gangan ba. Ledar murhun Catherwood, ƙwas ɗin canza tashar Tirebiter, shuuu na tsohon fim da aka kwaikwaya, duk a wurinta datti ne. Ka sake mata linzami, ta share maka alamomin da kake bin labarin da su, ta bar muryoyi kamar ana magana a cikin ruwa. Gara a bi manyan ƙarce ɗaya bayan ɗaya da hannu, a zuƙo hoton sautin, a gyara wanda bai wuce ƙiftawar ido ba, sauran a bar su. Wanda ba ya son wannan wahala ya nemi bugun CD, an sake fitar da huɗun farko fiye da sau ɗaya tun daga ƙarshen shekarun 1980.

Saura harshe. Turancin Amurka ne mai gudu, cike da kalmomi masu fuska biyu, da shaguɓe ga tallace-tallace da 'yan siyasar da aka manta da su. Ko Ba'amurken yau ba ya kama duka. Rubutun wasannin da faya-fayai huɗun farko suka ɗauki sunayensu ya fito a littafi a 1972 da sunan Big Book of Plays, kuma yana da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi: kada a buɗe shi sai an ji gefen aƙalla sau biyu da kunne zalla. Wanda ya fara da karatu idonsa zai riƙa bin babbar murya layi-layi, kunnensa ya daina yawo, alhali yawon kunnen shi ne abin da aka zo yi. Tsarin da ke aiki shi ne gefe ɗaya a zama ɗaya, fitila a rage, waya a kife. Jin farko a bar shi ya wuce kamar ruwa. Na biyu da takarda da biro. Na uku da littafin. Na huɗu a karkata hankali ga kunne ɗaya kawai, a yi banza da masu magana a gaba.

Bergman ya rasu a 2012, Austin a 2015. Kafin nan sun dawo sun yi wasu faya-fayan, ciki har da Give Me Immortality or Give Me Death na 1998, wanda ke bin wani gidan rediyo a ranar ƙarshe ta 1999, kuma ya shiga takarar Grammy. Ga wanda huɗun farko suka kama shi har ya fara jin ƙishin ƙari, akwai Dear Friends na 1972, zaɓaɓɓun yankuna daga shirinsu na rediyo, da kuma Duke of Madness Motors, littafi haɗe da faifan kwamfuta mai ɗauke da sama da awa 80 na shirye-shiryensu na farkon shekarun 1970. Can babu gogewar sitidiyo. Za ka ji suna tuntuɓe, suna katse juna, wani na ƙoƙarin danne dariya, wani ya ɗauko jarida ya karanta talla da muryar wa'azi. Nan da can kuma sai ka tsinci wata jimla da aka jefa cikin raha, ka gane ta, domin ka riga ka ji ta a goge a cikin Bozos.